Ƙwayar Guluta: Ina Gyara Ya Tsaya, Ina Canza Halitta Ya Fara?



Akwai wani baƙo da ya shigo cikin kayan gyaran jikinmu a 'yan shekarun nan, ya samu wurin zama kusa da humra da dilka da turaren wuta, har ya fi su tsada. Sunansa gulutatiyon, masu sayarwa kuma sun gajarta suna ce masa guluta. Da can sai a Kano ko Kaduna ko Abuja ake jin labarinsa, amma yanzu wayar hannu ta kawo shi har ɗakunanmu a nan Kutawa da Dutsin-Ma da Kurfi. Mace za ta gani a WhatsApp ko TikTok, ta tura kuɗi, a ba direba ya kawo mata tasha. Akwai na haɗiya, akwai garin da ake damawa a ruwa, sannan ga babbansu, na allura da ƙarin ruwa, wanda ake yi wa amare idan biki ya rage 'yan makonni.

Abin da ya sa na ga ya kamata mu zauna a kan wannan magana shi ne irin hujjar da ake kare shi da ita. Mai shafa man bilicin ta san abin da take yi, shi ya sa galibi take ɓoye kwalbar a ƙasan akwati. Mai shan guluta kuwa a fili take ajiye nata a gaban madubi, idan kin yi magana ta ce miki, "Haba Malama, wannan ai ba bilicin ba ne. Jikin mutum ma da kansa yana yin sa. Hanta yake wankewa, hasken kyauta ce kawai." To tambayar ita ce: idan abu yana cikin halittar jikinmu, kuma likitoci sun tabbatar da amfaninsa, shin hakan ya ba mu damar yin duk abin da muka ga dama da shi?

Mu fara da ba masu wannan magana gaskiyarsu, domin rabin abin da suka faɗa gaskiya ne. Gulutatiyon sinadari ne da Allah Ya sanya a kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam, kuma hanta ce ta fi kowace gaɓa yawansa. Jiki yana haɗa shi ne daga wasu ƙananan tubala guda 3 da masana ke kira amino asid, wato gulutamet da sistin da gilisin, waɗanda muke samu daga abinci mai gina jiki. Ba sabon abu ba ne a wurin masana, tun 1921 wani Bature ɗan Ingila mai suna Hopkins ya ware shi ya raɗa masa wannan suna.

Aikinsa kuwa, ki ɗauki misali daga kicin ɗinki. Idan kika yanka yalo ko dankali kika bar shi a iska, ba ya daɗewa sai ya fara baƙi. Idan kika bar wuƙa a jiƙe sai ta yi tsatsa. Irin wannan lalacewa tana faruwa a cikin jikinmu kullum, saboda numfashin da muke yi da abincin da jiki ke ƙonawa da hayaƙin itacen da muke shaƙa a bakin murhu. Gulutatiyon yana cikin manyan dakarun da ke tare wannan tsatsa kafin ta yi ɓarna. Haka kuma hanta tana amfani da shi wajen ɗaure dafi ta fitar da shi.

Inda za ki fi ganin darajarsa shi ne a kan farasitamol, wannan ƙwaya da babu gidan da babu ita. Duk lokacin da kika sha, hanta tana sarrafa ta, kuma wani ɗan kaso nata yana rikiɗa ya zama guba. Gulutatiyon ne ke kama wannan guba ya kashe kaifinta, shi ya sa kike sha ba ki ji komai ba. Amma idan aka sha fiye da ƙima, sai ajiyar da ke cikin hanta ta ƙare, gubar ta fara cin hantar kanta. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa kada babban mutum ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma ba a haɗiye su lokaci guda. Idan tsautsayi ya sa yaro ya samu kwalbar ya shanye, ko wata ta haɗiyi da yawa cikin ɓacin rai, maganin da asibiti ke bayarwa shi ne wani da ake kira NAC. Aikinsa shi ne ya kai wa hanta tubalin sistin domin ta sake gina gulutatiyon da sauri. Ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko, kuma yana cikin jerin muhimman magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata ƙasa ta rasa ba. Abin tsoron shi ne wanda ya sha ɗin yakan kwana ɗaya kamar lafiya lau, sai daga baya hanta ta kasa. Saboda haka ba a jira a ga alama, ba a tsaya ba shi manja ko madara, asibiti ake nufa.

Ga wani misalin da ya fi kusa da mu masu jego. Akwai mutanen da aka haifa da ƙarancin wani sinadari da likitoci ke kira G6PD, abin da ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma ya fi bayyana ga maza. Jajayen ƙwayoyin jininsu ba sa iya sabunta gulutatiyon yadda ya kamata. Idan jariri mai irin wannan halitta ya sa kayan da aka ajiye da kafur, wannan farin ƙwallon da muke jefawa a akwati saboda kyankyasai, jininsa yana iya fashewa, shawara ta kama shi, idan ta yi tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwa. Mu kuma a al'adance kayan jariri ne muka fi cika wa kafur. Don Allah mu daina.

To kin ga abu ne mai daraja. Yaya aka yi ya koma kayan hasken fata? Launin fatarmu yana zuwa ne daga wani rini da jiki ke yi mai suna melanin. An lura cewa gulutatiyon yana iya rage aikin sinadarin da ke haɗa wannan rini, sai 'yan kasuwa a ƙasashen Asiya, musamman Filifin da Tailan, suka mayar da shi haja, daga nan ya tsallako Afirka. Binciken da aka fi kafa hujja da shi an buga shi ne a 2012 a Tailan. Ɗaliban likitanci 60 aka raba biyu, aka ba rabi miligiram 500 kullum na mako 4. An samu ɗan raguwar rinin da na'ura ta auna a wurare 2 cikin 6 na jikin da aka duba. Iyakarta ke nan. Babu wadda ta shiga baƙa ta fito fara. Dalili kuwa, yawancin abin da aka haɗiya hanji yana warware shi ya mayar da shi tubalansa, kamar yadda yake yi wa ƙwai ko wake. Kuma ɗan hasken da aka samu yana komawa idan aka daina. Don haka idan kika ga wata ta koma jawur cikin wata guda ta ce guluta kawai take sha, to ko dai akwai wani abin da take shafawa, ko kuma akwai abin da aka cusa a cikin ƙwayar da ba a rubuta a jikin kwali ba.

Wannan rauni na ƙwaya shi ya haifar da allurar. Hukumar abinci da magunguna ta Filifin ta yi gargaɗi a 2011 ta sake maimaitawa a 2019 cewa ba ta amince a yi allurar gulutatiyon domin hasken fata ba. Ta ambaci illa ga hanta da ƙoda da jijiyoyi, da wata muguwar cuta da fata ke saɓulewa kamar an ƙone da wuta, ga kuma haɗarin ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau idan allurar ba ta da tsabta. Ki duba abin mamaki. Sinadarin da aka ce yana wanke hanta, shi ne ake tsoron ya kashe ta idan aka ɗura shi ta jijiya a ɗakin mai gyaran jiki da ba ta taɓa shiga ajin koyon jinya ba. A nan gida kuma, shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta bayyana a 2023 cewa bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya, bayan rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata. Wadda take ganin adadin ya yi yawa, ta tsaya ta kalli gaɓoɓin yatsun mata a gidan biki na gaba.

Yanzu mu koma kan tambayarmu. Kasancewar abu yana cikin jiki ba ya mayar da shi halal ta kowace fuska. Gishiri yana cikin jininmu, amma mai hawan jini ta san abin da yawansa ke yi. Sinadarin insulin jiki ne ke yin sa, shi ne rayuwar mai ciwon sukari, amma a yi wa mai lafiya allurarsa a ga ko zai kai gobe. Abin da ke mayar da sinadari magani shi ne a samu cuta, a samu masani ya auna, a ba da shi ta hanyar da ta dace. To a nan wace cuta ake warkarwa? Idan mace lafiyayya ta miƙa hannu a ɗaura mata ruwa domin ta yi fari, ta riga ta yanke hukunci a zuciyarta cewa launin da aka halicce ta da shi ciwo ne. Wannan hukuncin shi ne abin da ya fi damuna, fiye ma da ƙwayar.

Malamanmu sun daɗe da bambance tsakanin kawar da aibi da canza halitta. Akwai ƙissar sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, alhali zinare haramun ne ga maza. An sassauta masa ne domin yana mayar da abin da ya rasa. A ɗaya ɓangaren kuma aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta lissafa canza halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ya sha alwashin zai umarci mutane da su, aya ta 22 a Suratur Rum kuma ta sanya bambancin harsuna da launukan mutane cikin ayoyin Ubangiji. Abin da aka kira aya ba zai zama aibi ba. Kimiyya ma ta zo ta nuna mana wani ɓangare na hikimar. Melanin garkuwa ce daga zafin rana, shi ya sa fatar baƙar mace take jure ranar bazarar Katsina ba ta tsufa da wuri ba, kuma shi ya sa 'yan uwanmu zabiya, da ba su da wannan rini, suke fama da ciwon dajin fata. Wato kuɗi muke biya a cire mana laimar da aka ba mu kyauta.

Na san wata za ta ce, to ina lalle, ina dilka da halawa da kurkur, ba su ma suna sa haske ba? Tambaya ce mai kyau. Kwalliya ga miji abin so ce a addini, kuma babu wanda ya ce mace ta zauna buguzum-buguzum da sunan tawakkali. Amma dilka datti da mataccen fata take cirewa, launinki na asali ya fito fes. Lalle ado ne da kowa ya san an ɗora shi, kuma yana gogewa. Babu ɗayansu da ke shiga cikin jini ya hana jiki yin aikin da aka halicce shi ya yi. Haka kuma macen da ciki ya bar mata baƙin tabo a kumatu, ko ƙuraje ko ƙuna suka ɓata mata wuri, idan ta je wurin likitan fata ya ba ta magani, ita tana layin Arfaja ne, tana mayar da abin da ta rasa. Akwai malaman da suka sassauta a kan hasken da ba ya dawwama, suka ɗauke shi kamar hoda. Amma su ma sun gindaya sharaɗin kada ya cutar, kuma kin ji abin da hukumomin lafiya suka ce a kan allurar.

Sai dai zan yi rashin adalci idan na tsaya a nan, na ɗora wa mai shan ƙwaya laifin duka. A ajin matan aure wata baiwar Allah ta taɓa tambayata, muryarta ƙasa-ƙasa, cewa maigidanta yana yawan yabon farare a gabanta, yanzu kuma ta ji ƙishin-ƙishin yana neman wata fara sol, shin idan ta sha domin ta riƙe gidanta ta yi laifi? Wallahi tambayar ta yi mini nauyi. Wannan tsoro ne ya kai ta, tsoron kada ita da 'ya'yanta su koma 'yan kallo a gidan da ta sha wahalarsa shekara da shekaru. Wanda bai san wannan tsoro ba yana iya yi mata wa'azi cikin sauƙi.

Abin da na ce mata shi ne biyayya ga miji tana cikin abin da shari'a ta sani ne, ba ta kai ga ki ba da ƙodarki ba. Jikinki amana ce a hannunki, kuma ranar da ƙoda ta tsaya aka fara zirga-zirgar wankin ƙoda a Katsina ko Kano, ba hasken fuskarki ne zai biya kuɗin ba, kuma ba shi zai hana a yi miki kishiyar ba. Na kuma ce mata ta lura da lissafin. Tunda hasken yana komawa idan an daina, to ba saye ɗaya za ta yi ba, haraji ne ta ɗora wa kanta har tsufa. Wadda take gasa da ita kuma ta yiwu ita ma sayen nata hasken take yi. Mata biyu ke nan suna zuba kuɗi da lafiya a kan launin da ba na kowacce ba, mai sayarwa tana gefe tana ƙirga riba.

Amma maganar gaskiya, rabin wa'azin nan maza ya kamata a yi wa. Namijin da ya ga mace baƙa ya je gidansu ya durƙusa ya nema, ya biya sadaki, sannan bayan haihuwa huɗu ya fara yi mata gorin launi, ya ci amanar da ya ɗauka a gaban shaidu. Su ne masu cewa fara ko mayya ce, suna dariya, ba su san 'yan matan gidan suna ji ba. Ina kira ga malamanmu maza da limamai su riƙa taɓo wannan a huɗuba da wuraren ɗaurin aure, domin idan kasuwa ta daina tambaya, mai kawowa za ta daina.

Mu ma mata kada mu wanke kanmu. Wa ke ɗaga kunnen jariri ranar suna ta ce, "Kai, wannan zai rine"? Wa ke cewa yarinya "baƙa ce amma kyakkyawa", kamar kyan ya zo ne bisa kuskure? Wace uwar miji ce ke tambayar launin yarinya kafin ta tambayi tarbiyyarta? A gida ɗaya za ki ga ana kiran wannan Fara ana lallaɓa ta, ana kiran ƙanwarta da sunan da za ta girma tana jin kunyarsa. Yarinyar da aka rena haka ba ta bukatar tallar TikTok, an riga an sayar mata tun tana goye. Kuma abin ya wuce kanmu ya kai ga waɗanda ba su da bakin cewa a'a. A 2018 hukumar magunguna ta Gana ta yi gargaɗi a kan masu juna biyu da ke shan ƙwayar gulutatiyon wai domin su haifi farin jariri, ta ce ba ta amince da wata ƙwaya domin haka ba. Launin ɗa gado ne daga iyaye, babu ƙwayar da ke canza shi a ciki, haɗarin kawai ake kwasa. A 2025 kuma BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta 6 man bilicin saboda ana fifita 'ya'yan 'yar uwarta farare, fatarsu ta ƙone ta bar tabo. Kafin mu zage ta, mu tambayi kanmu su wa suka yi fifikon. Alhali matar da ta reni Manzon Allah (SAW), Ummu Aiman, baƙar Bahabashiya ce, ɗanta Usama ɗan Zaid kuma baƙi ne wuluk, yana cikin mafi soyuwar mutane a wurinsa, har ya ɗora shi a kan rundunar da manyan sahabbai ke ciki. Muna karantar da wannan a Islamiyya da safe, da yamma mu koma gida muna auna kunnen jarirai.

'Yar uwa mai sayarwa, ke ma ina da magana da ke. Neman na kai abin yabo ne, kuma na san da wannan ciniki wasu ke biyan kuɗin makarantar yara. Amma idan kika ce wa mace ƙwayar nan tana wanke hanta, tana gyara mahaifa, tana sa fari cikin mako biyu, kin faɗi abin da ba ki sani ba domin ki karɓi kuɗinta, kuma kin san sunan wannan a fikihun ciniki. Hoton kafin da bayan da kike ɗorawa, ke kin san hasken waya ne. Idan kuma har kina ɗaura wa mutane ruwa a ɗaki ba tare da ilimin aikin ba, to duk abin da ya samu wata a hannunki, alhakin rai ne.

Wadda kuma da gaske lafiyar hantarta take nema, hanyar tana kusa kuma ta fi araha. Jiki ba ya bukatar a kawo masa gulutatiyon daga waje, tubalan yake so ya gina abinsa: ƙwai, wake, gyaɗa, nono, naman kaza, da kifin da ake kamowa a dam ɗin Zobe. Albasa da tafarnuwa da kabeji suna taimakawa, haka goba da lemo da garin ɗan kuka saboda bitamin C da ke cikinsu. Kuɗin kwalba guda ta guluta zai sayi ƙwan da yaran gida za su ci na kwanaki. Ki rage haɗiyar magani barkatai daga kemis, ki guji jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ki je a gwada ki ciwon hanta nau'in B, idan ba ki da shi a yi miki rigakafi. Idan kuma kin riga kin sha ƙwayar ko an yi miki allurar, musamman in kina da ciki ko kina shayarwa, ki dakata, ki ɗauki kwalin ki tafi da shi ranar awo ki nuna wa ma'aikaciyar lafiya, ki gaya mata tsawon lokacin da kika yi kina sha, domin ta san ko akwai bukatar a duba miki ƙoda da hanta.